Gidan tamostat yana yoyo: a sauya shi ko a cire tamostat ɗin gaba ɗaya?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ruwan injin motata yana raguwa a hankali, kuma na ga wani farin busasshen datti a inda babban tiyon lagireto ya haɗu da injin. Bakanike ya ce gidan tamostat ne ya tsage, ya kuma ba ni shawarar a cire tamostat ɗin tunda an riga an kwance wurin. Shin wannan shawara daidai ce?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam, a sauya gidan, amma kada ka yarda a cire tamostat. Aikinsa shi ne tsare ruwa a cikin injin har sai ya yi zafi, sannan kakin da ke cikinsa ya narke ya kumbura ya buɗe hanyar lagireto, galibi tsakanin digiri 82 da 95 a ma'aunin Salshiyas. Idan babu shi, injin zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, sai ya riƙa shan mai fiye da kima, sassansa kuma su riƙa cinyewa da wuri. Kafin ka sayi komai, a tabbatar gidan ne ya tsage, domin sau da yawa gasket ne (shimfiɗar da ke hana yoyo tsakanin gidan da injin) ko zoben roba ya mutu.

Amsa ta biyu:
Ina ƙarawa da cewa gidan roba yakan bushe ya yi rauni saboda zafi da sanyin da ke sauyawa a kansa shekara da shekaru, na alminiyam kuwa ruwan famfo zalla ne ke cinye bakinsa, don haka a yi amfani da ruwan sanyaya injin da kamfani ya tanada. Wajen ɗaurawa, a goge fuskar wurin sosai, a ɗaure notocin bi da bi ba tare da matsawa da ƙarfi ba, domin yawan matsi ke fasa sabon gida. Idan tamostat ɗin yana da ƙaramin ramin fitar da iska, ramin ya kalli sama.

Amsa ta uku:
Kada a buɗe murfin lagireto injin yana da zafi. Bayan an gama aikin kuma a fitar da iskar da ta maƙale a ciki, in ba haka ba allurar zafi za ta hau ko da komai sabo ne.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Zan sa a fara duba zoben robar tukuna.