Kuɗin gidauniyar ciwon damuwa: wayar da kai ko biyan magani?

Malam Bashir: Na san maganar nan ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Duk gidauniyar da aka kafa don masu ciwon damuwa, aka ƙarar da kuɗinta a riguna da fastoci da tattakin ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, kuɗin ya bi ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, sama da kashi 75 cikin 100 na masu ciwon ba sa samun magani ko kaɗan. Abin da gwamnatoci ke ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa kuma bai wuce kashi 2 cikin 100 na kasafin lafiya ba. Ka ce wa mutum ya fito ya nemi taimako, ya fito, ina za shi?

Hajiya Rabi: Malam, ka buɗe ɗakin duba marasa lafiya ka zauna, ka ga ko za a shigo. Mai ciwon damuwa ba ya zuwa ya ce damuwa ce ta kawo shi. Ciwon kai zai ce, ko ciwon jiki, rashin barci, faɗuwar gaba, a ba shi maganin zazzaɓi ya koma gida. Wanda ma ya karɓi maganin gaskiya, ɓoye shi yake don kada a ce ya taɓu, ran da aka gani kuma ya daina sha. Tsangwamar da kake rainawa ita ke cinye maganin da ka saya.

Dakta Amina: Ku biyun kun haɗa abu biyu kun ba su suna ɗaya. Fasta da lacca suna ƙara sani, amma tasirinsu kan yadda ake mu'amala da mara lafiya kaɗan ne. Abin da ya fi aiki shi ne haɗa mutane ido da ido da wanda ya yi ciwon ya samu sauƙi, yana aikinsa, yana riƙe da iyalinsa. Gani ya kori ji. Da wannan hanya shirin yaƙi da tsangwama na Ingila, Time to Change, ya yi aiki daga 2007 zuwa 2021, kuma kwamitin mujallar likitanci ta Lancet kan tsangwama ya ƙarfafa ta a 2022.

Akwai ma saƙon da ke ɓata aiki. Cewa "sinadaran ƙwaƙwalwa ne suka rikice" tana rage ɗora wa mutum laifi, gaskiya ne. Amma nazarin da ya tattara bincike da dama a 2013 ya nuna tana sa mutane su fidda rai da warkewarsa, har su riƙa ganinsa a matsayin mai haɗari. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan.

Malam Bashir: Na karɓi wannan, Dakta, amma kin ƙara min hujja ne. Bari mu zo lissafi. Maganin damuwa irin fluoxetine ba ya fara nuna amfani sai bayan mako 2 zuwa 4, wani lokaci 6. Tashin zuciya da ciwon kai kuwa tun makon farko suke zuwa, wato wahala ta riga amfani, kuma a nan ne da yawa ke ajiye shi idan ba a gaya musu tun farko ba. Bayan an samu sauƙi kuma sai an ci gaba da sha aƙalla wata 6, in ba haka ba ciwon yakan dawo. Saboda haka kuɗin da zai ba mutum 800 maganin wata ɗaya, gara ya riƙe mutum 100 tsawon wata takwas. Masu gidauniya kuwa adadin 800 ɗin suke so, don ita ce ke da daɗin faɗa a rahoto. Wata na biyu asusu ya ƙafe, mutane su yanke magani lokaci guda, jiri da rashin barci su biyo baya, su ce ai maganin ne ya ƙara musu ciwo.

Nura: Ba kowa ne ke buƙatar ƙwaya ba, Malam. Ga mai ciwo mara tsanani, zaman tattaunawa ne a gaba, kuma ba sai da likita ba. Tsarin tattaunawa na Hukumar Lafiya mai suna PM+ zama 5 ne, minti 90 kowanne, sau ɗaya a mako. A Zimbabuwe, shirin Friendship Bench da Dakta Dixon Chibanda ya faro ya horar da dattijai mata, suna yin zama 6 a kan benci a harabar asibiti. Inda ake faɗuwa shi ne kuɗin mai sa ido. A biya horo, a ɗauki hoto, a manta da ƙwararren da zai zauna da masu ba da shawarar a kai a kai ya duba aikinsu. Da tafiya ta yi tafiya kowa sai ya koma wa'azinsa, tsarin ya watse.

Dakta Amina: Kuma kada a raba takardar PHQ-9, wato tambayoyin auna alamun ciwon damuwa, a wurin taron tara kuɗi. Tambaya 9 ce, maki 0 zuwa 27, daga 10 zuwa sama ana buƙatar a duba mutum sosai. Tambaya ta tara kan tunanin mutuwa take. Idan wani ya amsa e a cikin hayaniya, wa zai zauna da shi a ranar? Takardar tantancewa ce kawai. Kafin a rubuta magani sai an tambayi ko ya taɓa shiga yanayin zumuɗi fiye da kima, na kwana da kwanaki ba barci ba gajiya, don maganin damuwa shi kaɗai na iya tayar da wannan.

Hajiya Rabi: Ni abin da ya fi ci min rai shi ne yadda ake roƙon kuɗin kansa. Hoton mutum a ɗaure da mari, ko a rakuɓe a lungu ya haɗa kai da gwiwa, shi ke sa hannu ya shiga aljihu, shi ne kuma ke koya wa mai kallo cewa haka masu ciwon suke. Ka tara kuɗin yaƙi da tsangwama da hoton da ke haifar da ita. Wanda zai ba da labarinsa kuma, a samu izininsa a rubuce, da damar janyewa ko bayan an wallafa, a biya shi lokacinsa, kada a tsayar da shi yana tsakiyar ciwo, kada a bayyana hanyar da ya taɓa yunƙurin cutar da kansa. Duk wannan kuɗi ne, Malam Bashir, kuma a kasafinka ban ga gurbinsa ba.

Malam Bashir: Za ki gan shi, Hajiya, amma a shekara ta biyu. Ba zan sa hannu a kira mutane ba sai na ga sunan ma'aikacin da zai karɓe su, da ranakun da yake zama, da maganin wata shida a ajiye.

Hajiya Rabi: Maganin yana da ranar lalacewa. Idan ka jira shekara kafin ka kira su, yana iya ƙarewa a kan shiryayye.

Nura: To a saya na wata uku-uku, a fara da mutum 30 da asibitin ya riga ya gano. Masu ba da labarin ma daga cikinsu za su fito.