Wa ke tsayawa kallon sunayen ƙarshen Final Fantasy?

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda sunka taɓa kai ƙarshen wasan bidiyo na Final Fantasy ko wane lamba ne, in an kashe bos na ƙarshe sunayen waɗanda sunka ƙera wasan sunka hwara hawa, kuna zama ku kalla ko kashe na'ura kuke? Ni dai zama nake, tunda mutanen nan na Square, kamfanin wasan, sun saba ɓoye abu bayan jenerik, wato jerin sunayen nan. Wanda bai gama ba ya tsallake don za a tona asiri.

Na Zariya:
Wa alaikumus salam. Ni ta 7 na sani, wadda ta hito 1997 a PlayStation ta farko, sidi ukku. Gidan yayana munka buga ta da faransanci mai wuyar ganewa, wani wurin sai dai ka yi hasashe. Ramin ƙarshen nan babu wurin ajiya sai kiristal guda da kake dasawa da kanka sau ɗaya, to mun dasa shi can sama nesa, munka sauka munka yi faɗa da Jenova munka yi da Sephiroth, bos na ƙarshe, kashi biyu, gumi sharkaf lokacin zahi ne, sunaye na hwara hawa kuran ya ɗauke. Wallahi ba wanda ya yi magana cikin ɗakin. Da wuta ta dawo sai da munka sake faɗan dukka don kawai mu ga abin da ke baya, kuma ya biya kuɗin sabulu: an rubuta shekara 500 bayan nan, ga Red XIII, dabbar nan mai kama da zaki, na gudu da 'ya'yanshi, ya hau dutse, birnin Midgar duk ciyawa ta cinye shi. Daga nan sai taurari a allo ba iyaka, mun zauna muna jiran wani abu har yaya ya ce a kashe tele hakanan.

Hajiyar Manet:
Ku maza kullum 7, 7. Ta 8 ta hi ta iya jenerik nesa ba kusa ba. Ana sunaye ana nuna biki a makarantar Balamb Garden kamar wani ya ɗauka da kamara a hannu, Selphie ta ƙwace hular Irvine, Zell ya cika baki da abinci har ya shaƙe ana bubbuga mishi baya, kamara na kaiwa kan Rinoa a baranda batir ya mutu. Sai an gama sunaye kab sannan a nuna maka Squall, jarumin wasan, na murmushi, mutumin da sidi huɗu bai saki fuska ba.

Ɗan Bagalam:
Gaskiyarki Hajiya, na manta da batir ɗin nan hhhh

Mai Shagon Play:
To ni ta ɓangaren kasuwa zan yi magana. Shagona ƙwallo ake bugawa, lokaci kuɗi ne, amma akwai wani yaro ɗan lise da ke zuwa da kart memwar tashi yana buga ta 10 a PS2 in babu mutane. Ranar da ya gama kuwa da marece ne shago ya cika, yara na riƙe da kuɗinsu suna cewa patron ai ya ƙare rubutu ne kawai a sa muna bal. Na ce ba mai taɓa na'urar nan. Ni ban san labarin ba ma, na dai ga yaron ya yi tsit tun da Tidus, jarumin wasan, ya ɓace, da sunaye sunka ƙare aka nuno shi ƙarƙashin ruwa ya buɗe ido ya yi sama, yaron ya daka tsalle har waya ta kusa cirewa. Ban amshi kuɗin wannan lokacin ba.

Sabon Gari 227:
Mu 'yan waya ne, Crisis Core, labarin da ya gabaci ta 7, a PPSSPP, manhajar buga wasannin PSP a waya. Mutuwar Zack, jarumin wasan, ta sa ban iya aje wayar ba ga sharji ya yi ja. Amma ku jira har ƙarshe, ana nuna Cloud, jarumin ta 7, bisa jirgin ƙasa yadda ta 7 ta hwara, kuma a nan ake ba ka damar ajiya don ka sake wasan da ƙarfinka.

Na Zariya:
Sunayen ma ni ina karantawa, nan na san Nobuo Uematsu ne mai kiɗan, Hironobu Sakaguchi kuma shi ya ƙirƙiro jerin tun 1987.

Baban Ummi:
Ku yi haƙuri ni ban da wannan juriya, yanzu ga iyali ga kasuwa, in sunaye sunka hwara aje manet nake in tahi sallah in dawo in tarar sun kusa ƙarewa. Abin da ban yi dai shi ne kashewa. Mai Shago, PS2 ɗin nan na nan har yanzu? In ta 10 na wurinka zan biyo ran Lahadi bayan la'asar.