A-Level, IB ko AP: wanne ya fi wuya?

Maman Sadiƙ: Assalamu alaikum jama'a. Sadiƙ ya gama IGCSE, jarrabawar sakandare ta tsarin Ingila, makarantarsu tana da A-Level da IB, tsare-tsaren karatu biyu na share fagen jami'a, an ce mu zaɓa kafin Satumba. Likitanci yake so. Wanne ba zai wahalar min da yaro ba?

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam Hajiya. Sauƙi kam babu, kowanne da inda yake cizo. A-Level galibi darasi 3 ne cikin shekara 2, amma ana nutsewa ciki sosai. Ga mai son likitanci, ya riƙe Kemistiri da Bayoloji, ya ƙara Lissafi ko Fiziks. Ni shi zan zaɓa masa.

Baban 'Yan Biyu: Malam ya faɗi gaskiya. 'Yata IB ta yi. Darasi 6, uku a babban mataki, ga rubutun bincike na kalma 4,000, ga TOK, darasin nazarin yadda ake sanin abu, ga ayyukan CAS na hidimar jama'a da wasanni. Ƙololuwar maki 45, sai an kai 24 ake samun difloma. Ba tambayoyin jarrabawa ne suka gajiyar da ita ba, lokutan miƙa ayyuka ne ke karo da juna. Sai ka tashi tsakar dare ka tarar da ita gaban kwamfuta, shayi ya huce. Kuma ba a ajiye harshe da adabi, ko yaro ba ya so. Amma da ta shiga jami'a, rubutu bai taɓa ba ta tsoro ba.

Anti Rabi: Mu nan Amurka AP muka sani, darussan matakin jami'a da ake ɗauka tun a sakandare. Hukumar College Board ke shiryawa, jarrabawa a watan Mayu, maki 1 zuwa 5, yaro ya ɗauki iya abin da zai iya. Sai dai a nan ba a fara likitanci kai tsaye, sai an yi digirin farko.

Kawu Bala: Hajiya, a ina zai yi karatun tukuna? In a gida ne, ga IJMB ta ABU Zariya, ita ma share fagen jami'a ce, darasi 3, ƙasa da shekara, a nemi aji 2 na jami'a kai tsaye ta Direct Entry. Kuɗin ma ba a haɗa su.

Maman Sadiƙ: Kawu, babansa Ingila yake hange.

Malamin Kimiyya: To A-Level ɗin. Ki nemi makarantar ta nuna miki sakamakon ɗalibanta na baya a Kemistiri, shi kuma ya fara shirin UCAT, jarrabawar neman gurbin likitanci a can, da wuri.