Neman shawara: takalmin ƙusa lamba 42 ko 44?

Sadiku T/Wada:
Assalamu alaikum. Ina gudun mita 100 da 200, kuma an sa sunana a gasar da za a yi a kan tatan, wato filin gudu mai shimfiɗar roba, wata mai zuwa. Har yau da kambas nake gudu. Na samu takalman ƙusa biyu wajen wani mai gwanjo a Kasuwar Barci. Ɗaya Nike ne lamba 44, ƙasansa da tauri, sam ba ya lanƙwasuwa, ramin ƙusa bakwai. Ɗayan Adidas ne lamba 42, da ɗan soso a dunduniya, ramin ƙusa biyar. Ni kuma 43 nake sawa. Raina ya fi kwanciya da Nike ɗin, na ce ko in riƙa ninka safa. Kuɗin guda ɗaya gare ni, don Allah a taimaka da shawara.

Koci Bala:
Wa alaikumus salam. Sadiku, cire 44 ɗin nan daga ranka. Gaskiya ne shi ne na gajeren zango: farantin da ke ƙasansa an yi shi da tauri ne don ya tsayar da kai a kan gaban ƙafa, ƙarfin da ka danna ƙasa da shi kada ya salwanta wajen lanƙwasar yatsu. Amma duk wannan sai in ƙafarka ta zauna daidai a kan farantin. In takalmin ya yi maka yawa, gaɓar babban yatsanka za ta koma bayan ƙusoshin, ƙafar tana zamewa a ciki duk taku. A kwanar mita 200 za ka ji dunduniya tana ɗagowa, yatsu suna neman abin kamawa. Safa biyu kuwa santsi za ta ƙara maka, ga bororo.

Takalmin ƙusa ana so ya kama ƙafa cif. Da yawa suna rage rabin lamba daga ta kambas ɗinsu. Ka koma da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka sa 42 ɗin da safa marar kauri, ka ɗaure igiya sosai, ka tsaya a kan yatsu. In babban yatsa ya kusa taɓa baki amma bai tanƙware ba, ya yi. In ya tanƙware ko farce yana zafi, bar shi, ka jira wani dila.

Anti Rabi:
Ƙanena, kada ka raina Adidas ɗin don na masu mita 800 zuwa sama ne. Tobi Amusan, 'yar Najeriya da ta kafa tarihin duniya a tsallaken shinge na mita 100, daƙiƙa 12.12 a birnin Eugene na Amurka a 2022, da takalmin masu dogon zango ta yi shi, Adizero Avanti na Adidas, saboda ciwon tafin ƙafa da ta yi fama da shi. Kai da ba ka taɓa sa ƙusa ba, sosan nan ma rahama ne ga agararka.

Mubarak 400:
Anti, a yi min afuwa, Amusan fa dalilin rauni ne ya sa. Wanda ya ƙware a mita 100 zai ji bambancin faranti mai tauri tun daga tashi. Na yarda ya fara da 42, amma ya riƙa tarin kuɗin na gajeren zango na gaske. Ni ko safa ba na sawa.

Anti Rabi:
Kai sabo ka saya, Mubarak. Na gwanjo ba ka san ƙafar wa ta shiga ba, ya sa safarsa.

Koci Bala:
Saura maganar ƙusa. Dokar hukumar World Athletics ita ce kada tsawonta ya wuce milimita 9 a kan tatan, kuma kada adadinsu ya wuce 11. Nemi mai milimita 6, mai siffar dala, ita ce ba a cika hana shiga fili da ita ba. Doguwa ta filin ƙasa ce ko ciyawa, a tatan riƙe ka za ta yi. Kafin ka biya, ka kwance kowace ƙusa da makullinta a gaban mai kayan. Ramin da zarensa na ɗaure ƙusa ya cinye ba ya gyaruwa, ƙusar da ta yi tsatsa kuma ɗiga mata baƙin mai ka gani ko za ta motsa. Ka murɗa farantin a hasken rana ka duba tsaga.

Sadiku T/Wada:
Allah ya saka da alheri. Koci, in na saya zan iya fara atisaye da shi kullum?

Koci Bala:
A'a. Dumama jiki da kambas, sannan ka sa shi ka yi mita 30 zuwa 60 sau huɗu ko biyar, ka cire. Sau biyu a mako ya isa a farko, in ba haka ba sha-raɓa da ƙwauri za su hana ka shiga gasar. Kada ka taka kwalta ko siminti da shi. Ranar Asabar ka zo da shi fili in duba da idona.