Garmahon da na saya yana jan murya, ina neman shawara

Assalamu alaikum. Na gaji faya-fayan garmaho kusan arba'in daga mahaifina, Allah ya jiƙansa, kuma na daɗe ina burin in sake jin su kamar yadda muke ji muna yara. Da yake kuɗina bai kai na sabo ba, sai na sayi garmaho na hannu wanda aka shigo da shi daga Amurka.

A bayansa an rubuta 120V da 60Hz, don haka na haɗa shi da ƙaramar taransifoma mai rage ƙarfin wuta. Yana kunnuwa lafiya, amma duk faifan da na ɗora, babba mai juyi 33 ko ƙarami mai juyi 45, sai muryar mawaƙin ta yi kauri tana ja, kalangu ma ya rasa zaƙinsa. Na sauya robar da ke juya farantin, na sa mai a gindinsa, babu abin da ya canza. Da na ƙirga da agogo, juyi kusan 28 yake yi a minti ɗaya maimakon 33.

Zargina shi ne injinsa yana bin bugun wutar Amurka na 60Hz, alhali tamu 50Hz ce, kuma taransifoma ba ta gyara wannan.

Don Allah, masana, shin sauya ɗan ƙarfen da robar ke hawa a kan injin zai wadatar, kuma mai gyaran rediyo zai iya? Ko kuwa in haƙura in nemi wanda aka yi wa wutar Ingila?