Neman kalmar Hausa: me za mu kira "corpus"?

Malamai da masu fassara, ku matso kusa. Kalmar "corpus" nake so mu raɗa wa suna, kuma daga Tailan zan ɗauko bayaninta, don a can amfaninta ya fito fili.

Harshen Tai ba shi da irin "a" da "the" na Turanci, aikatau ɗinsa kuma ba ya sauya siffa don nuna jiya ko gobe. A nan ɗalibin Bangkok yake yawan tuntuɓe in ya zauna rubuta Turanci. Wasu malaman jami'o'in Tailan, maimakon su cika masa takarda da jan biro, sai su ce ya buɗe COCA a kwamfuta, wato tarin rubutu da maganar Turancin Amurka da masanin harshe Mark Davies ya fitar a 2008, yanzu ya kai kalma biliyan ɗaya. Yana buga "decision" sai layuka su zubo, kalmar a tsakiya, maƙwabtanta dama da hagu. Da idonsa zai ga "make" ce ke yi mata rakiya, ba "do" ba. Tim Johns na Jami'ar Birmingham ne ya yayata wannan hanya tun wajen 1991, wato ɗalibi ya tono ƙa'ida da hannunsa.

To abin da muke nema wa suna ke nan: rubutu da maganar mutane ta haƙiƙa, an zaɓo da tsari, an adana don bincike.

"Rumbun kalmomi" ba ta yi mini ba. Duk wanda ya ji, ƙamus zai zo masa a rai, alhali ɗalibin nan jimla yake nema, ba kalma tsurarta ba. "Kundi" kuwa littafi ne guda da ake bi shafi-shafi. "Taskar rubutu" ta kusa, sai dai ta bar baki a baya: BNC, "corpus" ɗin Turancin Birtaniya, kalma miliyan 100 ne, kuma kashi 10 cikin 100 daga bakin mutane aka naɗo su. "Rumbun bayanai" tuni 'yan kwamfuta suka riƙe ta.

Ni na tsaya a kan "rumbun magana". Magana ta haɗa ta baki da ta takarda, rumbu kuwa ba a juye shi gaba ɗaya, abin da tukunya ke buƙata yau ake ɗiba. Ku gwada ta a jimla: Jami'ar Chulalongkorn ta gina rumbun maganar Tai na ƙasa. ICNALE na Jami'ar Kobe ta Japan rumbun maganar ɗalibai masu koyon Turanci ne, har da rubutun 'yan Tailan a ciki, malami yana dubawa ya ga kuskuren da ke maimaituwa. Ba ta sarƙe harshe.

Saura layukan nan da ake ce wa "concordance". Na rubuta "jeren misalai", amma ba ta nuna cewa kalmar tana tsakiya ba. Mutanen Sakkwato da Damagaram, ku kawo taku mu auna.