Neman kalma: me za mu kira "buckling" da Hausa?

Jama'a, salamu alaikum. Aikina zanen ƙarafan gini ne, ginshiƙai da ƙarafan rufi, kuma kusan kullum ina tare da masu walda. Akwai kalmar Turanci guda da ta daɗe tana ba ni wahala: buckling.

Ga abin da take nufi. Samu dogon karan dawa, ka kafa shi a ƙasa, ka danna kansa da tafin hannu. Da farko zai tsaya ƙyam. Ka ƙara dannawa kaɗan, kwatsam sai tsakiyarsa ta fita gefe. Bai karye ba tukuna, kuma ba wanda ya ture shi, daga sama nauyin ya zo. Wannan fitar nake nema wa suna.

Abin da ya tayar da maganar tankin ruwa ne mai cin lita 2,000, wato tan 2 ke nan idan ya cika, a kan ƙafafu huɗu na bututun ƙarfe masu tsawon mita 6. Na zana ƙarafan gicciye tsakanin ƙafafun, mai gida ya ce a cire, wai ado ne da ɓarnar kuɗi. Na ce ƙafafun za su lanƙwashe. Mai waldan ya bubbuga bututun da guduma, ya ce, "Haba Injiniya, wannan ko mu huɗu muka hau kansa ba zai lanƙwashe ba." Kuma gaskiyarsa ce. Kalmar da na ba shi ce ba ta kai saƙon ba.

Da na tambaye ku sunan da za mu ba wannan fitar da Hausa, kun kawo amsoshi. Na gode, bari in bi su.

Masu cewa lanƙwashewa ko tanƙwarewa sun fi yawa, amma ku yi haƙuri, waɗannan suna da aikinsu. Su ne abin da ake yi wa rodi idan an sa masa ƙarfi ta gefe. Lotsawa kuma mu bar wa ƙarfen da ke kwance, wanda tsakiyarsa ke yin ƙasa kamar tsohuwar katifa. Karkacewa ta katanga ce da ta tafi gefe gaba ɗayanta. Durƙushewa kuwa ƙarshen labari ce, bayan mai aukuwa ta auku.

Wata 'yar'uwa ta kawo "yin doro". Ta burge ni, na kwana ina juya ta. Inda na tsaya shi ne, doro a hankali yake zuwa, kuma idan ya zo ya zauna. Shi kuwa karan nan, farat ɗaya yake fita, kuma idan ka ɗage hannunka da wuri sai ya miƙe kamar ba a yi ba.

Sai wani dattijon magini ya ce: "Yaro, ai gantsarewa ke nan. Ba ka taɓa ɗaukar jariri yana rigima ba?" Allah ya ƙara girma, Baba. Na tuna yadda ɗana ke yi idan ba ya son a ɗauke shi: kai na nan, ƙafa na nan, ciki ya yi gaba, kuma ba ya ba ka sanarwa. Haka ginshiƙi yake yi, sak.

Dalilin da ya sa na nace a kan kalma ta daban shi ne lissafin ma daban ne. Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, ya fitar da shi tun 1744. Idan ka ninka tsawon siririn ginshiƙi, nauyin da zai iya ɗauka ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Idan kuma ka riƙe shi a tsakiya ta yadda ba zai iya fita ko'ina ba, ya koma kamar gajeru biyu, abin da zai ɗauka ya kusa ninkawa huɗu. Aikin gicciyen da aka ce ado ne ke nan. Abin da ya fi ba mutane mamaki: ko ka je kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ka sayo ƙarfe mafi tsada, muddin kaurinsa da siffarsa ba su canja ba, dogon siririn ginshiƙi kusan a nauyi ɗaya zai fita gefe. Tsawo, siffa da inda aka riƙe shi su ke yanke hukunci.

Kada a ɗauka matsalar tankin unguwa ce kawai. Ranar 18 ga Janairu 1978 rufin ƙarfe na babban zauren wasanni a birnin Hartford na Amurka ya rufta bayan saukar dusar ƙanƙara, 'yan sa'o'i da tashin dubban 'yan kallon ƙwallon kwando. Ba a rasa rai ba. Bincike ya nuna ƙarafan saman rufin ba su sami isasshen riƙo ba, suka gantsare.

Kun ga kalmar ta zauna a jimlar ba tare da tari ba. Za mu iya cewa "nauyin gantsarewa", mu ce "tsawon gantsarewa".

Wani malami ya ja da cewa mutum fuska ɗaya yake gantsarewa, ginshiƙi kuwa ko'ina. Malam, ka yi gaskiya ga bututu, tunda zagayayye ne. Amma ƙarfe mai siffar H yana da ɓangaren da ya fi rauni, kuma nan yake fara bi. Ni dai na ɗauki gantsarewa, da ita zan riƙa rubuta bayani a gefen zanena.

Saura ƙanwarta. Akwai wadda ginshiƙin ke nan a miƙe, amma siririn bangon bututun ya tattare wuri guda, kamar gwangwanin madara da aka taka. Mokaɗewa ce ko yamutsewa? Masu walda, ku me kuke cewa a wajen aiki?